Faɗuwar dattawa: da me za a fara idan kuɗi da lokaci ba su da yawa?

Malam Habibu, ma'aikacin lafiya a matakin farko:
Assalamu alaikum. Ga wata magana da nake so masana a wannan zaure su warware mana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 684,000 ke rasuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su suka fi yawa a ciki. A cikin masu shekara 65 zuwa sama, kusan ɗaya cikin uku yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Hanyoyin kariyar da ake lissafowa kuwa suna da yawa: motsa jiki, duba magunguna, gyaran gida, aikin ido, sanda, abinci, bitamin. Iyali ba za su iya yin duka a lokaci ɗaya ba, ƙaramin asibiti ma haka. To da wanne za a fara, wanne zai jira?

Dakta Sa'adatu, likitar iyali:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Kafin a zaɓi abin da za a yi, sai an san wa za a yi wa. Ƙa'idojin da masana na ƙasashe da dama suka fitar a 2022 sun fara ne da tambayoyi uku: Ka faɗi a cikin shekarar da ta wuce? Kana jin tangaɗi idan ka tsaya ko kana tafiya? Kana tsoron faɗuwa?

Amma a kula da yadda ake tambayar. Idan ka ce wa tsohuwa "Hajiya, kin faɗi?" sau da yawa za ta ce a'a, don a wurinta faɗuwa ita ce wadda aka kwasa zuwa asibiti, kuma tana gudun kada 'ya'ya su hana ta fita unguwa. Ka ce mata, "Iya, ƙafa ta taɓa kwashe ki a banɗaki? Kin taɓa zamewa kika kai ƙasa, ko kika kama bango?" Sannan ka tambayi jikar da ke kwana ɗaki ɗaya da ita.

Wanda ya amsa e, sai a duba ko yana da ɗaya daga cikin waɗannan: ya faɗi sau 2 ko fiye a shekara, ya ji ciwon da ya kai ga neman magani, ya kasa tashi da kansa har ya daɗe a ƙasa, ya suma, ko jikinsa ya yi rauni ƙwarai. Mai ko ɗaya daga ciki yana sahun gaba, likita zai duba shi daga sama har ƙasa. Wanda ba shi da su sai a gwada tafiyarsa. A sa kujera mai hannu, a auna mita 3 a ja layi. Ana ƙirga lokaci, ya tashi, ya je layin, ya juyo, ya dawo ya zauna, da takalminsa da sandarsa idan yana riƙewa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tana ɗaukar sakan 12 zuwa sama a matsayin alamar haɗari, ƙa'idojin 2022 kuma sun sa iyakar a sakan 15. Agogon waya ya isa yin wannan.

Malam Nasiru, likitan fisiyo:
Na yarda da tantancewar, Dakta. Bayanta kuwa, idan abu ɗaya tak za a iya yi, to motsa jiki ne, kuma ba ni da shakka a kai. Nazarin 2019 na Cochrane, ƙungiyar da ke tace sakamakon binciken lafiya, ya tattara gwaje-gwaje 108, ya nuna motsa jiki yana rage yawan faɗuwa da kashi 23 cikin 100. Idan aka haɗa atisayen tsayuwa da na ƙarfafa tsoka, ragin yakan kai kashi 34.

Inda muke kuskure shi ne abin da muke nufi da motsa jiki. Sai ka ji an ce ai Baba yana tattaki zuwa masallaci sau biyar. Tafiya tana da amfani ga zuciya da suga, amma ita kaɗai ba ta koya wa jiki tare kansa idan ya yi tangaɗi. Abin da ke aiki shi ne wanda ke ɗan wahalar da tsayuwa, cikin tsaro.

Shirin Otago, wanda aka ƙirƙiro a New Zealand, shi ya fi dacewa da gidajenmu don ba ya buƙatar na'ura. Atisaye 17 ne, 5 na ƙarfi da 12 na tsayuwa, kamar minti 30, sau 3 a mako, da tattaki sau 2 a mako. A gwaje-gwajensa faɗuwa ta ragu da kusan kashi 35, kuma waɗanda suka haura 80 sun fi cin moriyarsa. Ga huɗu da kowane gida zai iya farawa da su. Na farko, tashi daga kujera: a jingina kujerar da bango don kada ta zame, ya matso bakin kujerar, ya ja ƙafafu baya kaɗan, ya sunkuyo har hancinsa ya zo saitin yatsun ƙafa, ya miƙe, sannan ya koma a hankali, kada ya saki jiki ya faɗa. A fara da sau 5 yana dafa hannu biyu, a kai sau 10, daga nan hannu ɗaya, daga nan babu dafawa. Na biyu, ya riƙe bakin taga ko bayan kujera mai nauyi, ya ɗaga diddige ya tsaya a kan yatsu sau 10, sannan ya ɗaga yatsu ya tsaya a kan diddige sau 10. Wannan na ɗaga yatsu shi ke hana ƙafa jan ƙasa ta ci tuntuɓe da bakin tabarma. Na uku, ya sa diddigen ƙafa ɗaya a gaban yatsun ɗayar kamar a kan igiya, ya tsaya sakan 10, ya sauya. Na huɗu, tafiya a gefe, taku 10 dama, 10 hagu, a jikin bango.

Abin da ke ɓata aikin abu biyu ne. Ko dai a tsaya a mataki ɗaya wata da watanni ba a ƙara wuya ba, ko a bari bayan mako uku. Sai an kai mako 12 ana yi kafin a ga sauyi na gaske, kuma da an daina, ƙarfin yana zubewa. Shi ya sa ya fi kyau a ɗaura shi a kan abin da ba ya tashi, misali bayan La'asar, a sa jika ɗaya ya zama mai ƙirga.

Malama Hadiza, mai haɗa magunguna:
Malam Nasiru, ban musa ƙarfin hujjarka ba, amma ban yarda shi ne farko a jere ba. Kai da bakinka ka ce sai mako 12. A cikin waɗannan makonni dattijon da ke shan maganin barci kowane dare zai tashi fitsari ƙarfe uku kansa na juyawa. Duba magunguna aikin rana ɗaya ne, kuma ba ya cin ko sisi.

A juye duk ledar magungunan a kan tabarma, har da waɗanda aka saya a kemis ba takarda, da na wani ɗan uwa da aka ba shi don "ciwonku iri ɗaya ne", da jiƙe-jiƙen gargajiya. Waɗanda nake fara nema: diazepam da bromazepam, wanda aka fi sani da Lexotan, amitriptyline da ake bayarwa don zafin ƙafa ko rashin barci, Piriton da promethazine na mura da ƙaiƙayi, tramadol da kodin. Duk suna kawo magagi da jinkirin motsi, kuma jikin tsoho ba ya fitar da su da wuri, diazepam na daren jiya yana nan a jini har washegari da yamma. Sai glibenclamide, wato Daonil, mai faɗar da suga idan ba a ci abinci ba. Sai furosemide idan ana sha da yamma, don zai riƙa tayar da mutum fitsari cikin dare. Mayar da shi safe kawai yakan rage matsalar. Sai tamsulosin da doxazosin na maza masu wahalar fitsari, da methyldopa, masu sa jini ya sauka idan an miƙe.

Gargaɗi mai muhimmanci: kada iyali su karanta wannan su je su ƙwace maganin. Wanda ya daɗe yana shan Lexotan ko diazepam, idan aka tsayar masa farat ɗaya zai iya ruɗewa ko ya yi jijjiga. Likita ne zai riƙa rage masa kaɗan-kaɗan cikin makonni. Maganin hawan jini ma ba a dainawa, ana gyara shi ne, don shanyewar ɓarin jiki ba ta fi faɗuwa sauƙi ba.

Malam Nasiru:
Wannan gaskiya ce, Malama. Na karɓa. A rana ta farko a duba leda, amma a wannan makon a fara kujerar, kada a ce sai an gama da magani.

Dakta Sa'adatu:
A ranar duba ledar a haɗa da awon jini a tsaye, wanda kusan ba a yi a asibitocinmu don kowa a zaune ake auna shi. Ya kwanta minti 5 a auna. Ya miƙe, a auna bayan minti 1, a sake bayan minti 3, wani yana tsaye kusa da shi. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko fiye, ko ta ƙasa da 10, to an kama ɓarawon. Irin wannan ya fi tsanani da asuba, da bayan cin abinci mai nauyi, da lokacin zafin Maris zuwa Mayu, da kuma azumi, musamman ga mai shan maganin sa fitsari. Yawancin dattawa suna rage shan ruwa da gangan don gudun zirga-zirgar banɗaki, sai abin ya ƙaru. A koya masa tashi hawa uku: ya zauna a bakin gado kamar minti ɗaya yana motsa ƙafafu, ya miƙe yana dafe, ya tsaya har idonsa ya washe, sannan ya ɗaga ƙafa.

Akwai kuma hajijiyar da ke zuwa idan mutum ya juya a kan gado, ko ya ɗaga kai sama, ko ya sunkuya ruku'u, ɗaki ya juya masa na ƙasa da minti ɗaya ya lafa. Wannan sau da yawa daga cikin kunne ne, 'yan ƙananan tsakuwoyi ne suka bar mazauninsu. Ana gyara ta da juya kai ta hanyar da ake kira Epley, cikin mintuna kaɗan a kan gadon asibiti. Abin takaici, sai a yi ta ba mutum maganin jiri wata da watanni, maganin kuma yana ƙara masa magagi.

Malam Bala, magini:
Likitoci, ku yi mini afuwa in sa baki. Duk ƙarfin ƙafar tsoho, idan ya taka tayil mai sheƙi da ruwan alwala a kai, ƙasa zai kai. 'Ya'ya sukan yi wa iyaye gyaran ɗaki don kyautatawa, a cire simintin da ƙafa ta saba da shi a shimfiɗa tayil irin na falo har cikin banɗaki. Wanda bai riga ya sa ba, ya nemi mai kaushi, ya jiƙa shi da ruwa a shagon ya goga tafin hannu kafin ya biya. Wanda ya riga ya sa, ya shimfiɗa tabarmar roba mai huji wadda ke kama ƙasa, ba tsumma ko buhu ba.

Ƙarfen dafawa kuma ba sai na kanti ba. Mai walda zai lanƙwasa faif mai kaurin inci ɗaya da kwata, wato wajen milimita 32, wanda hannu ke iya zagayewa. A kafa shi tsakanin santimita 84 da 91 daga ƙasa, a bar tazarar kamar santimita 4 tsakaninsa da bango. Matsalar tana wurin kafawa. Bulonmu mai rami ne, wani ma yashi ya fi siminti yawa, idan aka ɗaura da 'yar roba da sukurun labule, ranar da aka fi buƙatarsa zai tumɓuke. Ko dai a fasa a cika ramin bulon da kankare a dasa ƙarfen a ciki, ko a huda bangon gaba ɗaya a ɗaure da dogon noti da faranti ta baya. Bayan ya bushe, ƙato ya rataya a jiki da duk nauyinsa kafin a bar Hajiya ta taɓa. Ƙarfen rataye tawul da kan famfo da bakin sink ba abin dafawa ba ne.

Masai na tsugunno kuwa, ga mai ciwon gwiwa, a sa masa kujera mai rami a kai, tsayin santimita 43 zuwa 48. Wanka da alwala a kan kujera mai tsayi, ba 'yar tsugunno ba. Dokin ƙofa idan ba za a iya fasa shi ba, a shafa masa farin fenti. Tsakar gida da damina a kankare gansakuka a bakin rariya da gindin randa.

Dakta Sa'adatu:
Malam Bala, ba ka shiga gonar kowa ba, gonarka ce. Nazarin Cochrane na 2023 ya nuna gyaran haɗurran gida yana rage faɗuwa da kusan kashi 38 cikin 100 ga waɗanda ke cikin babban haɗari, amma ga waɗanda ba sa cikinsa ba a ga wani bambanci ba. Ma'ana, wanda ya riga ya faɗi, ko idonsa ya raunana, ko aka sallamo shi daga asibiti, banɗakinsa ba ya jira. Dattijo mai shekara 66 da ke zuwa gona da ƙafarsa, kuɗin ya fi amfani a wani wurin.

Sista Ladi, ma'aikaciyar jinya:
Ni hanya ɗaya nake so kowane gida ya bi da ido, daga shimfiɗa zuwa banɗaki, ƙarfe biyar na asuba, babu wuta. Iya ta tashi daga katifar da ke ƙasa, wanda shi kansa aiki ne ga gwiwa. Ta laluba silifas, wanda ya sha duniya har gindinsa ya zama sumul. Buta a hannu ɗaya, tocila a ɗaya, to da me za ta dafa? Zani ya sauko, bakin darduma ya naɗe, wayar caja ta gitta hanya, jikoki sun bar takalma a bakin ƙofa. Gyaran wannan hanyar ba ya cin kuɗi da yawa. Fitila mai caji ko ta sola a rataye, a bar ta a kunne duk dare. A cika buta tun dare a ajiye a banɗakin. Gado mai tsayin da idan ta zauna tafin ƙafa zai taɓa ƙasa. Takalmi mai madauri a diddige. Wadda fitsari ke matsa mata a sa mata fo ko kujerar bahaya a gefen gado, kuma a yi maganar cikin mutunci, 'yarta ko surukarta ta yi, ba a gaban jama'a ba.

Sanda kuma yawanci ba a kan tsayin mai ita take ba. Ya tsaya da takalmi, hannu a sake, kan sandar ya zo daidai wuyan hannu. A riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren ƙafar mai ciwo, ba ɓangare ɗaya ba. A sa mata robar gindi, a sauya idan ta cinye. A matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, mai ciwo ke fara sauka.

Malam Habibu:
Allah ya saka da alheri. Saura ido da bitamin. Iyalai da yawa kuɗinsu yana tafiya ne a kwalaben ƙarin kuzari da na ƙarfin ƙashi.

Malama Hadiza:
Su ne na ƙarshe a layi. Bitamin D ba ya hana faɗuwa ga wanda ba shi da ƙarancinsa. Wani gwaji a Ostareliya da aka buga a 2010, inda aka ba tsofaffin mata babban kaso sau ɗaya a shekara, faɗuwa da karaya ƙaruwa suka yi. Wanda ba ya fita rana ko kaɗan, ko aka tabbatar ƙashinsa ya zaizaye, wannan likita zai rubuta masa. Sauran a mayar da kuɗin kan abinci mai gina jiki. Dattijo yana buƙatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, idan ƙodarsa lafiya take. Mai kilo 60 ke nan giram 60 zuwa 72, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne kawai. Koko da safe, tuwo da dare ba za su kai ba, sai an haɗa da wake, ƙosai, awara, nono, gyaɗa ko kifi, a tausasa wa marar haƙori.

Dakta Sa'adatu:
Ido kuwa yana sama da bitamin nesa ba kusa ba. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ce ta jawo kusan kashi 43 cikin 100 na makanta, kuma aikin cire yana a ido na farko yana rage faɗuwa. Ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sauran manyan asibitoci. Kada a jira wai sai ta nuna, kuma kada a kai wa masu sokewa na gargajiya. Tabarau mai gida biyu, na nesa a sama na karatu a ƙasa, yana dusashe bakin matakala idan an kalli ƙasa, gara a ware na tafiya dabam. Mai ciwon suga a duba masa tafin ƙafa, don wanda ba ya jin ƙasa a ƙarƙashinsa da ido yake tafiya, da an ɗauke wuta ya rasa duka biyun.

Malam Nasiru:
Akwai abin da nake roƙon 'ya'ya su daina, ko da yake ƙauna ce ke sa su. Da tsohuwa ta faɗi sau ɗaya, sai a ce "Hajiya ki zauna ki huta," a hana ta shara, a hana ta zuwa maƙwabta, a kawo mata komai har bakin gado. Kwanciyar kwana goma tana zaftare tsokar ƙafar tsoho ƙwarai, tsoro ya ƙaru, taku ya gajarce, faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni. A raka ta, kada a zaunar da ita. Sallah a zaune halas ce ga wanda ya kasa tsayuwa, babu mai ja da wannan. Amma wanda zai iya tsayuwa yana dafe da bango, ruku'u da sujada ne kawai ke ba shi wuya, ya tambayi malaminsa yadda zai haɗa tsayuwar da kujera.

Sista Ladi:
Idan kuma ƙaddara ta faɗa, kada a fizgo mutum ta hammata. A tambaye shi inda ke ciwo tukuna. Idan ƙafa ɗaya ta gajarce ta juya waje, ko yana kukan kwankwaso ya kasa taka ƙasa, a ɗauka ƙashin kwatangwalo ya karye. Kada a tsayar da shi, kada a kai wa mai ɗori, don wannan karaya tana can ciki inda kara da tsumma ba sa kamawa. A ɗora shi a kan abu mai faɗi a kai asibitin da ke aikin ƙashi, irin na Dala a Kano ko asibitin koyarwa mafi kusa. Ana so a yi aikin cikin awa 48, don doguwar kwanciya ce ke kawo gyambon baya da ciwon huhu da gudan jini. Wanda ya bugu a ka, musamman mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin, clopidogrel ko asfirin, a kai shi a duba ko da ya ce lafiya lau yake. Kuma a sa masa ido har makonni bayan haka: yawan barci, ruɗewa, ciwon kai ko jan ƙafa ɗaya na iya zama jini ne ke taruwa a hankali, ba tsufa ba.

Malam Nasiru:
Wanda bai ji ciwo ba kuma, ga yadda zai tashi, kuma ya kamata a gwada shi a gida tun kafin ranar. Ya mirgina ya koma gefe, ya dafa ya yi rarrafe zuwa kujera mai ƙarfi ko bakin gado, ya ɗora hannu biyu a kai, ya kafa ƙafar da ta fi ƙarfi a gaba, ya tura ya juya ya zauna. Mai taimako ya riƙe kujerar da ƙugunsa, kada ya ja hannu. Mai kwana shi kaɗai a ajiye masa waya ko ƙararrawa a ƙasa-ƙasa, inda hannu zai kai ko yana kwance a daɓe.

Malam Bala:
Sakatar banɗakin ma a sauya ta da wadda za a iya buɗewa ta waje, ƙofar kuma ta riƙa buɗewa waje. Idan mutum ya faɗi a bayan ƙofar da ke buɗewa ciki, jikinsa ne zai tokare ta, sai an cire ƙyauren kafin a kai gare shi.